Kaza Ba Ta Faɗi Ba

Rurum Tsohon Gari,
Talata, 14 ga Afrilu.

Zuwa ga jikata Nuriyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da aikin asibiti da mutanen Kibiya. Mu nan sai godiya. Matata Fulera ta warke daga ciwon ƙafar nan, har ta koma yi mini faɗa, wanda shi ne alamar lafiyarta. Zafi kam ya kai, rijiyar bayan masallaci sai an haɗa igiya biyu.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Wayar gidan nan tana hannun ɗana Tajuddeen, kuma ba ta kamawa sai an hau kan dutse, inda rabin gari ke jin abin da kake faɗa. Maganar nan kuwa ba ta kan dutse ba ce. Abdurrahim mai babur zai kawo miki, shi zai karɓo amsa, bai san abin da ke ciki ba.

Ni da kakarki Hidaya 'ya'yan wa da ƙane ne. Zumuncin ya yi nisa, amma duk cikin dangi ke kaɗai kika taɓa zama gefena da magariba kina tambayar sunayen taurari, shekarar da aka kawo ki hutu. Kin tuna Kaza da 'ya'yanta, ƙananan taurarin nan da ke cure wuri ɗaya? Kika ƙirga shida, kika ce ta bakwai shirwa ta ɗauke ta.

Kin san aikin da na gada. Ba a shuka gero a garin nan sai an tambaye ni. Ƙa'idar babana ɗaya ce: muddin ana ganin Kaza a yamma bayan sallar magariba, duk ruwan da ya sauka na yaudara ne, zai tsirar da iri ya gudu ya bar shi. Sai ta faɗi, an daina ganinta, sannan ruwan da ya biyo baya shi ne na shuka. Bai yi aiki da kalanda ba, ni ma ban koya ba. Ido ne kawai.

To idon ne ya tafi, Nuriyya. Tun bara wani abu kamar hayaƙi ya sauko mini. Da rana, in na fita haske, ina rubutu manya-manya kamar yadda kike gani. Wata ina ganinsa, Zara ma ina ganinta kamar fitila a bayan labule. Kaza kuwa babu ita. Bara na yi kame-kame, Allah ya rufa asiri. Bana ina jin tsoro. Ko Fulera ban gaya wa ba.

Ga abin da nake roƙo. Asabar ko Lahadi sabon wata zai tsaya. Kina sallame magariba ki fuskanci yamma. Mai hasken nan da ta fi kowa ita ce Zara matar wata. Ki ɗaga ido sama da ita kaɗan, ki karkata dama. In Kaza tana nan, a nan za ki same ta. Ki duba kwana uku a jere, ki rubuto mini abin da kika gani, da manyan baƙaƙe don Allah. Ba mai karanta mini.

'Yar boko, yau ga kakanki ya zo aron ido. Kada ki yi mini rowa.

Kakanki,
Ishiyaku.

*

Kibiya,
Litinin, 20 ga Afrilu.

Zuwa ga Kaka Malam Ishiyaku,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da Inna Fulera. Ni lafiya lau, sai aiki, zafin nan ya cika mana ɗaki da yara masu zazzaɓi.

Takardarka ta sa ni kuka, ba zan ɓoye ba. Amma ka ji maganar ma'aikaciyar lafiya: abin da ka kwatanta yanar ido ce, kuma ana cire ta. Aikin bai kai tsawon huɗubar limaminku ba. Ka ba ni dama in nema maka rana a Kano. Asirinka kuwa yana nan a cikina.

Na duba kamar yadda ka ce. Asabar na ga jinjirin wata siriri a ƙasa da Zara. Lahadi ya hau samanta. Yau ya ƙara nisa. Zara tana nan tana ta ƙyalli kamar ita kaɗai aka yi wa wanka. Kaza kuwa kwana ukun nan ban gan ta ba, ko ɗa ɗaya.

Taka,
Nuriyya.

Manyan baƙaƙe sun cinye takarda, Abdurrahim kuma yana ta yi mini hon, bari in matse sauran a nan gefe. Kada ka yi aiki da wannan tukuna. An kafa fitilun sola a layinmu, ɗaya a daidai ƙofar gidanmu, ko manyan taurari da ƙyar ake gani. Zan nemi inda babu fitila in sake dubawa.

*

Rurum Tsohon Gari,
Juma'a, 24 ga Afrilu.

Jikata Nuriyya,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, kuma muna cikin ni'ima. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki wanda zai tsaya miki ranar da kika tsufa.

Takardarki ta zo Talata. Laraba da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa irin wanda ke kwana a kwari. Alhamis ban gama lazimin asuba ba na ji zaure ya cika. Aka tona ƙasa, laima ta wuce tsawon hannu. Kowa ya zuba mini ido, “Malam, ta faɗi?” Gaskiya na ji a jikina ta yi wuri bana. Amma gawon bakin hanya ya fara zubar da ganye, ga ruwa a ƙasa, ga shaidarki ta kwana uku a aljihuna. Na ce ta faɗi, a shuka.

Da kin ga gari jiya da yau. Ba kowa a gida sai masu jego. Har Abdurrahim ya jingine babur ya ɗauki sungumi, shi ya sa ban san ranar da wannan za ta iso ki ba.

Wadda ta fi ba ni farin ciki ita ce Maijidda, matar marigayi Ubaidullahi maƙwabcina. Yana da wani irin gero da ya gada, mai gajeren zangarniya, mai saurin nuna, babu shi a kasuwa. Tun da ya rasu take adana shi a tulu da toka, ko da yunwa ta matsa ba ta taɓa shi. Ta zo ta durƙusa ta ce, “Malam, in zuba duka?” Na ce zuba, Maijidda, Allah ya sa albarka.

Maganar Kano ki bari sai bayan noman farko. Wuƙa a ido ba abin gaggawa ba ne. Na ga wasu 'yan ƙananan abubuwa kamar jerin tururuwa a gefen takardarki. Na san gaisuwar mutanen gidanku ce, ki ce ina amsawa.

Kakanki,
Ishiyaku.

*

Kibiya,
Juma'a, 24 ga Afrilu.

Kaka,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Ka gafarce ni, yau gaisuwar gajera ce.

KAZA BA TA FAƊI BA. Jiya aka kira ni karɓar haihuwa a wata ruga bayan gari. Muna dawowa magariba ta same mu a fili, ba fitila ko ɗaya, ruwan shekaranjiya ya wanke sama. Na sa mai babur ya tsaya. Ga ta nan, Kaka, a hannun dama na Zara, kusa da ita sosai, ƙasa-ƙasa amma sarai. Na ƙirga shida.

Na san ka karanta gargaɗin da na sa a gefe, don haka ina kwantar wa kaina da hankali. Amma an yi ruwa a nan, na tabbata ku ma an yi, kuma tun Litinin ban ga ƙeyar Abdurrahim ba. Da safe na kira wayar Kawu Tajuddeen, abin mamaki ta shiga. Ya ce suna gona, iska tana ta kaɗa maganarsa. Na buɗe baki in ce a gaya maka Kaza tana nan, sai na tuna zai tambaye ni me ya sa ni zan gaya wa Malam abin da ke saman kansa. Na gaishe shi, na ce a gaida gida, na kashe. Na ce wa kaina wataƙila sharar gona suke.

Kada a shuka. Zan riƙe takardar nan a jaka har in ga mai zuwa.

Nuriyya.

*

Kibiya,
Lahadi, 3 ga Mayu.

Zuwa ga Kaka,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna Fulera da Kawu Tajuddeen. Ni jikina lafiya, zuciyata ce babu.

Ranar Talata Abdurrahim ya zo, ya miƙo mini taka, na miƙa masa tawa. Tun ina tsaye a bakin asibiti na karanta. Da na zo kan jerin tururuwa sai da na nemi benci na zauna. Ba gaisuwa ba ce, Kaka. Cewa na yi kada ka yi aiki da abin da na gani, fitilar sola ta kashe mini ido. Ka ce in rubuta da manya, na rubuta surutu da manya, maganar da ta fi kowacce nauyi na sa ta inda ba za ka gani ba. Sannan ranar Juma'a, ana tsakiyar shuka, waya tana kunnena na yi shiru. Da na yi magana da an tsira da rabi.

Kwana biyar ke nan ba amsa. Abdurrahim ya zo jiya hannu wofi, ya ce ka ce babu saƙo. In fushi kake yi da ni ka yi, na cancanta, amma ka yi shi a takarda.

Ban daina dubawa ba. Kullum nakan taka har bayan makarantar firamare inda fitilu suka ƙare. Kaza tana ta sauka, kowace rana sai ta fi jiya kusa da jan garin faɗuwar rana. Zara ta bar ta a ƙasa ta yi sama. Shekaranjiya wata ya cika, ya fito jawur, babu gajimare ko na rantsuwa. Ban taɓa jin haushin sama mai kyau ba sai bana.

Yaya shukar?

Taka,
Nuriyya.

*

Rurum Tsohon Gari,
Asabar, 9 ga Mayu.

Nuriyya,

Na gaishe ki. Muna nan da rai.

Kin tambayi shuka. Ta fito kyakkyawa, layi-layi, har mutane suna tsayawa a ƙofata suna sa mini albarka. Yau kwana goma sha bakwai ba ɗigo. Ta fara naɗewa da rana tana warwarewa da safe, sannan ta daina warwarewa. Jiya na je gonar Maijidda na durƙusa na shafa da hannu, tun da ido ba zai gaya mini ba. Ta murmushe a tafina kamar busasshiyar kuka.

Ba fushi nake da ke ba. Na yi kwana uku ina so in yi, abin ya ƙi zama. Wanda ya ce a rubuta masa, ya kuma hana kowa karanta masa, wa zai kama? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Shirun da na yi, kunyarki nake ji.

Abin da ke hana ni barci shi ne ba wanda ya zarge ni. An fita roƙon ruwa ranar Alhamis, aka sa ni a sahun gaba. Kowa cewa yake ikon Allah ne, zamani ya canja, har taurari sun daina faɗin gaskiya. Wani ma cewa ya yi, “In Malam ya ce ta faɗi, ta faɗi.” Ina ji na sunkuyar da kai.

Ga shawarar da na yanke. A bar shi a haka. Ki ƙone takarduna, ni ma zan ƙone naki. Bayan damina ki kai ni Kano a ce jinyar ƙafa ce. Shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki ban taɓa kunyata sunan babana ba. Ba zan iya tsayawa gaban yaran da aka haifa a gabana in ce makaho ne ya ja su ba.

Ishiyaku.

*

Kibiya,
Litinin, 11 ga Mayu.

Zuwa ga Kakana,

Ina gaishe ka da ladabi, ina yi mana jajen shuka. Allah ya mayar da alheri. A gaida Inna Fulera.

Yanzu Kaza ta faɗi da gaske. Kwana huɗu ina zuwa bayan makaranta, sama tas, babu ita. Na tambayi wani dattijo makiyayi da ke wucewa da shanu, shi ma ya ce rabonsa da ita tun farkon makon jiya. Wannan karon shaida biyu ne, kuma na rubuta da manya.

Takardu kuwa ba zan ƙone ba tukuna. Ni jika ce, an yarda in yi maka rashin kunya, yau zan ci rabona. Ka ce mutane sun fara cewa taurari sun daina faɗin gaskiya. Kaka, Kaza ba ta yi ƙarya ba. Tana nan a wurinta ranar da aka shuka, ta faɗi abin da ta saba faɗa. In ka yi shiru, sunanka zai tsira, ƙa'idar babanka ce za ta mutu, don baɗi ba wanda zai sake ɗaga kai. Wanne ne gadon a ciki?

Ga kuma ruwa na tafe. Zaure zai sake cika, ɗan irin da ya rage a hannun mutane shi ne na ƙarshe. Za ka sake amsa musu da idon aro ta hannun mai babur?

Ba zan tona maka asiri ba, na yi alkawari. Amma na ga abin da shiruna ya jawo, kuma Maijidda da ban taɓa gani ba tana hana ni cin abinci. In ka yarda, zan zo in tsaya a bayanka in faɗi nawa kason. In na wuce gona da iri ka yafe mini.

Taka har kullum,
Nuriyya.

*

Rurum Tsohon Gari,
Lahadi, 17 ga Mayu.

Zuwa ga jikata Nuriyya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan ke ma haka. Za ki ga rubutun ba nawa ba ne. Tajuddeen ne ke rubutawa, ni ina faɗa, kuma na ce ko ya ji abin da bai so ba kada ya gyara.

Na karanta takardarki sau uku, na zage ki sau biyu. Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙe na ce jama'a su dakata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce musu shekara biyu rabona da ganin Kaza, ranar da na ce ta faɗi tana nan, hasarar irinsu a wuyana take. Ban ambaci sunanki ba, kada ki zo, wannan kayana ne. Liman ya yi addu'a. Wasu sun ba ni hannu, wasu sun ɗauki takalmansu ta ɗaya ƙofar, kuma ban ga laifinsu ba.

Da na dawo gida na fara yi wa Fulera bayani, ta ce, “Malam, wa kake tsammani yake ajiye maka buta a wuri ɗaya kullum, yake kwashe turmi daga hanya?” Ashe tun bara ta sani. Ranar shuka ta ɓoye tiya uku na iri a ƙarƙashin gado, ba ta gaya wa kowa dalili ba, wai kada ta tona mini asiri. Ke kin yi shiru, ita ta yi shiru, duk don a rufa ni, gari ya biya.

Da la'asar na ɗauki tiya biyu na tafi gidan Maijidda, Tajuddeen yana riƙe da hannuna a gaban kowa. Ta fito ta tsaya a bakin zaure. Na ba ta haƙuri. Sai ta ce, “Malam, ni na gan ta.” Na ce wa? Ta ce, “Kaza. Ranar Alhamis ɗin na shuka rabi, da magariba ina kwashe shanya na ɗaga kai, ga ta kusa da Zara. Baban yara ya nuna mini ita tun ina amarya. Sai na ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Da gari ya waye na zuba sauran.”

Ta karɓi irin don tana da bakuna huɗu da za ta ciyar. Ba ta yi godiya ba, kuma ba na nema. Geron Ubaidullahi ya ƙare a duniya, ko ƙwaya ba ta rage a tulun ba.

Daga jiya zuwa yau mutum uku sun zo sun gaya mini su ma sun gan ta. Nuriyya, wannan ya fi makantar ciwo. Babana yakan tara mutane a bayan masallaci ya nuna da sanda, kowa ya gani da idonsa. Ni na ji daɗin a zo a tambaye ni, na daina nunawa. Shekara talatin da ɗaya, abin da na koya wa garin nan shi ne su ga abu su ƙaryata idonsu.

Jiya da la'asar an yi ruwa mai kyau. Yau da asuba mutum biyar ne kawai a zaure, a da sai an tsaya a waje. Suka ce, “Malam, yaya?” Na ce ni zan tambaye ku, wa ya duba yamma a makon nan, me ya gani? Aka yi ta kallon juna, sannan Abdurrahim ya ce shi ya duba, babu ita. Wani ya ce shi ma. Na ce to kun ji. Sun tafi gona.

Ki nema mini ranar Kano, ki ce musu ido ne, ba ƙafa ba. Nan da kamar mako uku ko huɗu Kaza za ta dawo ta gabas kafin fitowar rana. Ko an gyara idon ko ba a gyara ba, zan fita da sanda in nuna wurin, masu ido su gaya mini. Na aika wa Maijidda ko za ta zo, ba ta ba da amsa ba.

Yau ko gobe sabon wata zai tsaya, ki duba mana shi a ƙasa da Zara. In za ki rubuto, ki yi da irin baƙaƙen da kika ga dama, manya ko ƙanana. Yanzu akwai mai karanta mini.

Kakanki,
Ishiyaku.